Tufka da warwara: yadda kwamfaila ke kawar da jerin tsakiya daga shiri

Ga wani ɗan aiki. A ɗauko lambobi daga 1 zuwa 10, a tsame waɗanda biyu ke rabawa ba saura, a ninka kowace da kanta, sannan a tara su. Waɗanda za su rage su ne 2, 4, 6, 8 da 10. Bayan ninkawa su koma 4, 16, 36, 64 da 100, jimlarsu 220. A harshen Haskell layi ɗaya ya wadatar:

sum . map ninka . filter even $ [1..n]

Daga dama ake karanto shi zuwa hagu. Ɓangaren farko yana jero lambobin daga 1 zuwa n (a misalinmu n shi ne 10), filter yana tacewa, map yana ninkawa, sum yana tarawa. Kowannensu aikinsa ɗaya, bai san na kusa da shi ba, abin da ya haɗa su kawai jerin da wannan ke miƙa wa wancan. Salon rubuta shiri da fankishin zalla ke nan, inda ba a sauya abu bayan an samar da shi, sai dai a fitar da sabo daga tsoho. Masu wannan salo sun daɗe suna cewa ƙarfinsa yana cikin sauƙin ɗinke ƙananan sassa su zama babban shiri, kuma John Hughes ya kafa wannan hujja sosai a wata maƙalarsa da aka buga a 1989. Na yarda da hujjar ɗari bisa ɗari. Layin da ke sama, karatu ɗaya mutum zai yi masa ya san abin da yake yi. Zai iya gwada kowane sashe shi kaɗai, zai iya cire filter ya sa wani abu a gurbinsa bai taɓa sauran ba.

To amma a leƙa ƙarƙashi a ga abin da ke faruwa idan kwamfuta ta bi layin yadda aka rubuta shi. Jeri uku za ta gina, alhali mai shirin bai nemi ko ɗaya daga cikinsu ba, lamba guda yake so. A GHC, wato babbar kwamfailar Haskell (kwamfaila ita ce manhajar da ke fassara shirin da mutum ya rubuta zuwa umarnin da na'ura ke gudanarwa), a kan na'ura mai bit 64, kowace gaɓa ta jeri tana cin bayit 24: kanta, da manuni zuwa ga abin da ta ɗauko, da manuni zuwa ga gaɓa ta gaba. Ita kuma lambar da ke naɗe a akwatinta tana cin bayit 16. Idan n ya kai miliyan ɗaya, jerin farko bayit miliyan 40 ne. Na biyu gaɓoɓinsa 500,000, yana aron lambobin na farko, don haka miliyan 12. Na uku sababbin gaɓoɓi ne da sababbin lambobi, miliyan 20. Bayit miliyan 72 ke nan aka rubuta, aka karanta, aka share, don a samo amsar da ke zama cikin bayit 8. Wannan ya tufka gaɓa, na gaba da shi ya warware ta nan take.

Wanda ya san Haskell zai ce ai harshen ba ya lissafa abu sai an nema, saboda haka waɗannan jeri ba sa taɓa tsayawa cikakku a memori: ana haifar gaɓa, a cinye ta, mai kwashe shara, wato sashen da ke share memorin da aka gama amfani da shi, ya ɗauke gawar. Haka ne, kuma shi ya sa shirin ba ya cika memori. Sai dai jinkirin ma da nasa nauyi. Duk inda aka ɗage lissafi sai an ajiye wani ɗan ƙunshi mai ɗauke da alƙawarin za a yi shi nan gaba. Ƙunshin yana cin wuri, kuma cika alƙawarin yana sa firosesa ta yi tsalle zuwa wani kod da ba ta san ko wane ne ba sai ta isa. Jinkiri ya rage yawan abin da ke raye a lokaci guda, yawan abin da aka ƙera kuwa sai ma ƙaruwa da ya yi.

Mai rubuta shiri da harshen C ba ruwansa da wannan damuwa. Zagaye ɗaya zai yi, da lamba ɗaya mai ƙirga, ɗaya mai tarawa, duk suna zaune a rajistocin firosesa. Amma ya cakuɗa tacewa da ninkawa da tarawa a jiki ɗaya, gobe idan yana son tacewar ita kaɗai sai ya sake rubuta ta. Tambayar da ta shafe sama da shekara arba'in ana fama da ita ita ce ko mutum zai rubuta na farko, kwamfaila ta juya shi ya koma na biyu da kanta.

Tushen amsar yana Edinburgh, inda Rod Burstall da John Darlington suka fitar da tsarin sauya shiri a 1977. Manyan motsinsa biyu ne. Buɗewa, wato a cire kiran fankishin a zuba jikinsa a wurin. Da naɗewa, wato idan aka ga wani jiki da aka sani ya sake bayyana, a mayar da shi kira. Dabarar tana da ƙarfi, sai dai tana jiran basirar mutum ya faɗi inda za a buɗe da inda za a naɗe. Philip Wadler ya nemi hanyar da na'ura za ta bi ba ja-gora. Ya fara da jeri a 1984, sannan a 1988, yana Jami'ar Glasgow, ya gabatar da hanyar da ta haɗa har da bishiyoyi a wani taro a birnin Nancy na Faransa. Da yake masu shirye-shirye suna kiran tsarin bayanai mai rassa da bishiya, sai ya sa wa hanyar suna deforestation, wato sare daji.

Yadda take aiki ba shi da wuyar bi. A ɗauki sum da map su kaɗai. Abin da sum ke yi shi ne ya tambayi jerin da aka ba shi: fanko ne kai, ko kana da kai da wutsiya? Idan aka buɗe map sai a tarar shi ma irin tambayar yake yi wa nasa jerin, in fanko ne ya mayar da fanko, in ba haka ba ya gina sabuwar gaɓa. Sai kwamfaila ta tura tambayar sum cikin rassan map guda biyu. A kowane reshe amsar a fili take, domin ga gaɓar nan ana gina ta a gaban ido. Tambaya da gini suka haɗu suka kashe juna, gaɓar ba za ta ƙara zuwa duniya ba. Abin da ya rage shi ne a ninka kan, a ƙara shi a kan sum na map na wutsiya. Wannan na ƙarshe kuwa shi ne ainihin abin da aka faro da shi, sunan jerin ne kawai ya canza. A nan ake ƙulla igiyar: a ba abin sabon suna, ya riƙa kiran kansa. Fankishin biyu sun zama ɗaya, jerin da ke tsakaninsu ya ɓace.

Matsala ta farko ita ce ba kullum ake dawowa kan abin da aka taɓa gani ba. Akwai fankishin da ke tafe da jakar da yake tara sakamako a ciki, duk buɗewa ɗaya jakar ta ƙara kumbura, kwamfaila ta yi ta buɗewa har abada ba ta ga wurin ƙullawa ba. Wadler ya toshe wannan da sharaɗin cewa duk fankishin da za a buɗe dole ya zama shi kansa ba ya gina tsarin tsakiya a cikinsa. Sharaɗin ya tabbatar da cewa aikin zai ƙare, amma ya fitar da shirye-shirye masu yawa daga layi. Hatta map, da yake yana karɓar wani fankishin a matsayin kaya, bai shiga kai tsaye ba sai da aka yi masa dabara ta daban. Valentin Turchin, wanda ya ƙirƙiro harshen Refal a Tarayyar Sobiyet kafin ya koma Amurka, ya bi hanya makamanciyar wannan mai faɗi fiye da ita, shi ma kuma tambayar yaushe za a tsaya ita ce ƙashin bayan wahalarsa.

Sharaɗi na biyu ne na fi so a tsaya a kansa, domin a ganina a nan zuciyar maganar take. Wadler ya ce kada a yi amfani da abin da za a kawar fiye da sau ɗaya. Dalili kuwa, jerin tsakiya aiki biyu yake yi, ko da yake idonmu ya saba ganin ɗaya. Ɗan aike ne, yana kai saƙo daga mai samarwa zuwa ga mai karɓa. Kuma ma'aji ne, yana riƙe da sakamakon wahalar da aka riga aka sha. Idan mai karɓa ɗaya ne, sau ɗaya kuma zai karanta, to aike kawai jerin ke yi, a sallame shi a haɗa mutanen biyu baki da baki ba a yi asarar komai ba. Idan kuwa masu karɓa biyu ne, kawar da shi yana nufin kowannensu zai sa a sake yin aikin samarwar daga farko. A ce ninka ɗin nan wani lissafi ne mai cin daƙiƙa ɗaya a kan kowace lamba, kuma ana son jimla da mafi girma daga jerin da ya fito. Haɗe kowanne da mai samarwa zai ninka lokacin shirin sau biyu. An gudu ba a tsira ba.

Misalin da kusan duk mai koyon Haskell ke tuntuɓe da shi shi ne matsakaici: a tara jeri, a ƙirga tsawonsa, a raba. Jeri ɗaya, masu karɓa biyu. Yayin da sum ke tafiya a kansa, mai kwashe shara ba zai iya taɓa ko gaɓa ɗaya ba, domin length yana nan yana jiran nasa zagayen daga kai. Sai jerin da ake tsammanin zai wuce kamar ruwa ya taru cikakke a memori. Haɗewa irin ta Wadler ba ta da magani a nan. Maganin wata dabara ce daban, a narka masu karɓar biyu su zama ɗaya mai tafiya da jimla da ƙirga a hannu biyu. Da zarar mai karɓa ya koma ɗaya, jerin ya koma ɗan aike zalla, sai a kawar da shi.

Hanyar Wadler ta yi kyau a takarda, amma ba ita ta shiga kwamfailar da mutane ke aiki da ita yau da kullum ba. Wadda ta shiga ta fito a 1993 daga Andrew Gill da John Launchbury da Simon Peyton Jones, su ma a Glasgow, kuma sun kira ta yanke, wato gajeriyar hanya. Maimakon kwamfaila ta riƙa bincikar kowane fankishin mai kiran kansa, sai suka ce a tilasta wa duk masu samar da jeri su bi ƙofa ɗaya, duk masu cin jeri su bi wata ƙofa ɗaya, sannan a koya wa kwamfaila doka guda tak a kan abin da za ta yi idan ƙofofin biyu suka fuskanci juna.

Ƙofar masu ci ita ce foldr. Jerin 1, 2, 3 a Haskell asalinsa 1 : 2 : 3 : [] ne, ɗigo biyu su ne mahaɗin gaɓa, baka biyu na ƙarshe su ne fanko. Abin da foldr k z ke yi bai wuce ya bi jerin ya cire kowane mahaɗi ya sa k, ya cire fankon ya sa z ba. A ba shi alamar tarawa da sifili, jerin ya koma 1 + 2 + 3 + 0. Ƙofar masu samarwa kuwa build ce. Mai samarwa ba zai riƙa kiran mahaɗi da fanko da sunansu ba, zai bar guraben a buɗe ya ce a ba ni abin haɗawa da abin rufewa, ni kuma in jera. Idan jeri ake so da gaske, build ya miƙa masa mahaɗi da fanko na ainihi. Yanzu a dubi abin da zai faru idan foldr ya zo kai tsaye bayan build: an ba mai samarwa mahaɗi da fanko, ya jera, sannan an bi an cire su an sa k da z. Me zai hana a ba shi k da z tun farko?

foldr k z (build g) = g k z

Dokar ke nan gaba ɗayanta. Shi map, da yake yana ci kuma yana samarwa, ana rubuta shi da foldr a bakinsa da build a bayansa, haka ma filter. Idan aka jera su, build na wannan ya ci karo da foldr na wancan, dokar ta share su biyu-biyu har sai babu jerin da ya rage a tsakani.

Akwai wata tambaya da ya kamata mai hankali ya yi a nan. Idan g, wato mai samarwar, ya yi ha'inci fa? A ce ya karɓi abin haɗawar ya ajiye gefe, ya je ya ɗauko wani jeri da ya riga ya gina ya mayar. To dokar ta rushe. Abin da ya hana haka shi ne nau'in da aka ɗora wa g, wato bayanin irin kayan da yake karɓa da irin wanda yake mayarwa. An ce dole ya yi aiki da kowane irin nau'in sakamako, ba tare da ya san ko wanne ne ba. Wanda bai san ko jeri ake so ko lamba ko wani abu ba, ba shi da hanyar samar da sakamako sai da kayan da aka miƙa masa. Wannan ya dogara ne a kan aikin John Reynolds na 1983 game da fankishin masu aiki da kowane nau'i, wanda Wadler ya nuna a 1989 cewa ana iya ciro ƙa'idoji daga gare shi ta duban nau'in fankishin kaɗai, ko ba a ga jikinsa ba. Wannan wuri yana burge ni har yau. Mai binciken nau'i, wanda aka sa don ya kama kurakurai, shi ne ya zama shaidar da ta halatta wa kwamfaila saurin.

A GHC dokar ba a cikin kwamfaila aka binne ta ba. A laburare take, wato tarin kod ɗin da aka tanada don masu shiri su ɗauka, an rubuta ta da wata alama mai suna RULES, wadda Peyton Jones da Andrew Tolmach da Tony Hoare suka bayyana a 2001. Duk mai rubuta laburare zai iya ƙara tasa. Kwamfaila tana duba cewa nau'in hagu da na dama sun dace, amma ba ta duba ko ma'anarsu ɗaya ce, wannan amana ce a wuyan wanda ya rubuta. Ita kanta babbar dokar ba ta tsira da tabo ba. Haskell yana da seq, wanda ke tilasta a lissafa abu ko ba a san nau'insa ba, kuma Patricia Johann da Janis Voigtländer sun nuna a 2004 cewa zuwansa yana raunana irin waɗannan ƙa'idoji. Ana iya ƙera misalin da shiri ke ba da amsa lafiya kafin a yi amfani da dokar, bayanta kuma ya faɗi. Ba a cika haɗuwa da irinsa a aikin yau da kullum ba, shi ya sa aka ci gaba da amfani da ita.

Inda yanken ya gaza sananne ne. Shi zip, mai ɗinke jeri biyu gaɓa da gaɓa, ta gefe ɗaya kawai yake haɗewa, domin foldr jeri ɗaya yake iya jagoranta. Tarawa daga hagu, wato foldl, ta daɗe ba ta samun zagaye mai kyau, sai da Joachim Breitner ya ƙara wa kwamfaila wani bincike da ya shiga GHC 7.10 a 2015. Josef Svenningsson ya juya tsarin a 2002, ya mai da mai karɓa shi ne mai jan igiya, yana cewa ba ni na gaba. Wannan ya warware zip da foldl, sai filter ya zama ƙaya, domin kafin ya ba da na gaba dole ya yi nasa ɗan zagayen yana neman wanda ya cancanta, kuma zagaye a cikin zagaye yana toshe wa kwamfaila gani. A 2007 Duncan Coutts da Roman Leshchinskiy da Don Stewart suka kawo gyara ɗan ƙarami mai nisan tasiri. Da, amsa biyu ce mai samarwa ke iya bayarwa, ga abu ko na gama. Suka ƙara ta uku, Skip, ma'ana ban da komai a wannan karon, sake tambaya. Da wannan filter ya daina kiran kansa, ya zama taki ɗaya miƙaƙƙe da kwamfaila ke iya zubawa cikin na kusa da shi. Laburaren vector a kan wannan aka gina shi. Sai dai ita ma hanyar tana da nata ciwon, concatMap, inda kowane abu ke haifar da nasa jerin, domin a nan takin ciki yana canzawa daga abu zuwa abu. Abin da ya gagari wannan hanya yana da sauƙi a waccan, shi ya sa har yau jerin GHC na asali suna kan foldr da build. Akwai kuma waɗanda ba wata hanya da za ta raba su da ajiya: sort, mai jera abubuwa daga ƙarami zuwa babba, ba zai iya faɗin mafi ƙanƙanta ba sai ya ga kowa.

Ba a banza wannan bincike ya yi girma a harsunan fankishin zalla ba. Haɗewa tana sauya jerin aukuwar abubuwa. A ce matakai biyu ne, g da f: kafin ta, a harshe mai lissafi nan take, ana gama yi wa duk jerin g sannan a fara f. Bayanta ana yin g da f a kan na farko, sannan g da f a kan na biyu. Idan f da g lissafi kawai suke yi, ba wanda zai ga bambanci. Idan kuwa suna rubutu a allo ko a fayil, ko ɗaya yana canza abin da ɗayan ke karantawa, shirin ya zama wani shiri daban. Kwamfailar Haskell ta san daga nau'i cewa fankishin ba ya taɓa duniyar waje, don haka hannunta a sake yake.

Yanzu ga abin da ke damuna game da duk wannan gini. Idan haɗewa ta yi aiki, ba ta cewa komai. Idan ta gaza, nan ma ba ta cewa komai. Shirin zai ba da amsa daidai a duka halin biyu, bambancin sai a agogo da memori. Kuma abubuwan da ke sa ta gaza ƙanana ne. An manta da tutar -O, wadda ke umartar kwamfaila ta inganta saurin shirin. An ɗauke rabin layin an kai wani fayil, kwamfaila ta ga fankishin ya yi girma ta ƙi zuba jikinsa, build da foldr ba su ƙara ganin juna ba. An ba jerin tsakiya suna, wani ya yi amfani da sunan a wuri na biyu don ya duba tsawonsa. Ko an sabunta kwamfaila, tsarin matakan da take bi wajen sauƙaƙa kod ya ɗan motsa. Mai shirin bai canza ma'anar komai ba, amma zagayen da ke gudu a rajista ya koma ƙera gaɓoɓi. Hanyar tabbatarwa ita ce a sa GHC ta zubo kod ɗinta na ciki, wanda ake kira Core, mutum ya zauna ya nemi mahaɗin jeri da idonsa. Wanda aka yi wa alƙawarin ba sai ya damu da ƙarƙashi ba, ga shi ya koma karatun ƙarƙashin ƙarƙashi.

Wani lokaci ma haɗewar ce ke jawo nauyi. Laburaren text na Haskell ya shekara da shekaru yana haɗe ayyukansa a ɓoye, amma a fitowa ta 2.0 a ƙarshen 2021 masu kula da shi suka kashe waɗannan dokoki. Ba shi da wuya a ga yadda haka za ta faru. Rubutu a shimfiɗe yake a memori, yanko wani yanki daga cikinsa bai wuce a nuna farko da tsawo ba, kwafe shi kuma firosesa tana yi da manyan ɗiba. Idan aka tilasta shi ya bi ta bututun harafi ɗaya-ɗaya don a guje wa tsarin tsakiya, an bar hanya mai sauri an kama mai wahala.

Saboda haka ni a wurina ci gaban da ya fi muhimmanci a shekarun baya-bayan nan shi ne na neman tabbaci, fiye da na ƙara wa kwamfaila wayo. Breitner ya bayyana hanyar gwaji a wata maƙala ta 2018 wadda mai laburare zai rubuta cewa a wannan fankishin kada nau'in jeri ya rage bayan an gama sauƙaƙawa, idan ya rage ginin shirin ya tsaya da kuskure. Gazawar da ke ɓoye ta samu murya. Oleg Kiselyov da abokan aikinsa sun bi ta wata ƙofar a 2017 da laburaren strymonas, inda laburaren da kansa ke haifar da kod ɗin zagayen, ba ya jiran sa'ar kwamfaila. Harshen Rust kuma ya ɗauki matsaya mai sauƙin fahimta: jerin map da filter a kan abin zagayawa ba ya gina komai tun asali, sai mai shirin ya rubuta collect da hannunsa. A nan ajiya ce ake nema da baki, rashinta shi ne al'ada. Java 8 a 2014 da Clojure 1.7 a 2015 duk sun ba masu shiri hanyar jera matakai ba tare da tarin tsakiya ba. Na fi natsuwa da irin wannan tsari, inda mai karanta kod zai nuna da yatsa ya ce a nan ake ajiya, a can ba a yi.

Tunanin ya fita daga gidan jeri tuntuni. Wanda ya rubuta a*b + c a NumPy, laburaren lissafi na harshen Python, a kan manyan jadawalin lambobi ya samar da jadawalin wucin gadi na a*b, kuma laburaren C++ irin su Eigen an gina su ne don kauce wa hakan. A katin GPU, wato firosesar da ke yin ɗimbin lissafi a lokaci guda, abin ya fi tsanani, domin lissafi yana da arha ƙwarai idan aka gwada shi da kai kaya babbar memori da ɗauko su, shi ya sa kwamfailoli irin su XLA ke narka ayyuka da dama su zama ɗaya. Harshen Halide, wanda ya fito daga MIT a 2012 don sarrafa hotuna, ya raba abin gida biyu: a rubuta abin da za a lissafa a wuri ɗaya, a rubuta a wani wurin daban wane mataki za a ajiye, wanne za a narka cikin na gaba, wanne za a sake lissafawa.

Wannan na ƙarshe shi ne abin da sharaɗin Wadler na biyu ya tsaya don hanawa, kuma ga shi ya zama zaɓin da ake yi da gangan. A manyan samfuran harshe na ƙirƙirarriyar basira (AI) akwai matakin da ke gwada kowace kalma da kowace kalma, wanda ke haifar da jadawali mai faɗi da tsawo daidai da tsawon rubutun. Rubutu mai guntaye 4,096 yana ba da gurabe 16,777,216, kuma ana maimaita matakin sau da yawa a cikin samfuri ɗaya. Dabarar FlashAttention, wadda Tri Dao da abokan aikinsa suka fitar a 2022, ba ta taɓa rubuta wannan jadawali cikakke a babbar memori. Tana lissafa shi yanki-yanki a ƙaramar memori mai sauri da ke jikin firosesa, ta yi amfani da yankin, ta zubar. Jadawalin nan kuwa masu karɓarsa biyu ne, domin lokacin horar da samfuri ana sake buƙatarsa a zagayen dawowa. Maimakon a ajiye shi, sai aka zaɓi a sake lissafa shi daga farko, kuma duk da ƙarin lissafin, aikin ya fi sauri, saboda ninka lambobin a karo na biyu bai kai jiran a ɗauko su daga nesa tsada ba.